Kakuri: Unguwar Masaƙu ta Kaduna

Kakuri unguwa ce a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, a ƙetaren kogin Kaduna idan an fito daga tsakiyar birnin. Ita da maƙwabciyarta Makera su ne suka ɗauki mafi yawan masana'antun birnin, kuma da masaƙu aka fi saninta. Asalin wurin ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, shi ya sa har yau ake bambanta Kakuri Gwari da Kakuri Hausa.

Jirgin ƙasa ne ya fara ɗaga darajar wurin. Layin dogo daga Legas zuwa Kano ya ratsa ta nan, babbar tashar Kaduna ma tana wannan ɓangare na kogin. A 1917 Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Ofisoshi da gidajen manya suka zauna arewacin kogi, kudu kuma aka bar wa dogo da fili. Wannan filin ne ya yi rana daga baya. Mai neman kafa masaƙa yana buƙatar ruwa mai yawa, da hanyar kawo auduga, da hanyar fitar da kaya. Ga kogi a kusa, ga jirgi, ga kuma audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau, wadda a da ake gurzawa a ɗaure dila-dila a tura Ingila.

Masaƙar farko ita ce Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ke kira KTL. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead and Sons na Lankashaya a Ingila, ta fara aiki a 1957. Akoko ta fara saƙawa, farin yadin nan da ba a wanke ba, wanda talaka ke ɗinka riga da shi, marina kuma su saya su tura. Nortex ta biyo baya a 1962. A tsakiyar shekarun 1960 aka sami Arewa Textiles da jarin Japanawa, da United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta attajirin Hong Kong Cha Chi Ming, wadda ta yi fice wajen buga atamfa. Ba saƙa kaɗai ake yi ba: kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe reshe a 1963, masana'antar ƙera makamai ta DICON ta zo a 1964, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Fijo 504 da ta zama motar gwamnati da ta haya a faɗin Nijeriya, daga Kakuri ta riƙa fitowa.

A wancan zamani masaƙa ba ta barci, don haka unguwar ma ba ta yi. An raba ma'aikata kashi uku, na safe da na yamma da na dare. Lokacin canjin aiki titi kan cika maƙil da kekuna da masu tafiya a ƙasa, masu fitowa da furfurar auduga a gashi da gira, masu shiga suna sauri kada a rufe ƙofa. A bakin get mai shayi da mai ƙosai da mai tuwo-tuwo sun san lokutan fiye da wasu ma'aikatan. Yawancin cinikin bashi ne, a rubuta a littafi sai ƙarshen wata. Ranar albashi kuwa kowa ya shaida: mai gidan haya, tela, mahauci, uwar adashi, da 'yan Kasuwar Monday da ke cikin unguwar.

Abin da ya fi ba da sha'awa a tarihin Kakuri shi ne irin mutanen da ta tara. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun fito ne daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da ƙasar Igala, ga Hausawa, ga Yarabawa da mutanen Edo da Ibo. Gidan haya ɗaya mai ɗakuna a jere kan haɗa harsuna huɗu ko biyar, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya, Hausa kuma ita ce ta haɗa su. Kowace ƙabila tana da ƙungiyar 'yan garinsu mai zama ranar Lahadi, wadda ke nemo wa sabon zuwa aiki, ta kuma kai gawa gida idan an yi rasuwa. Ba wai ba a saɓani ba ne, zo mu zauna zo mu saɓa. Amma mutumin da kuka kwana tsaye a kan inji ɗaya, kuka karɓi albashi a layi ɗaya, da wuya wani ya zo da rana tsaka ya ce maka maƙiyinka ne.

Daga wannan zama ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarfi. A 1978 aka haɗe ƙananan ƙungiyoyin masaƙu suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa, mai hedikwata a Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC daga 1999, daga baya ya yi gwamnan Edo.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Da kuɗin man fetur ya karye a farkon shekarun 1980, sai samun kuɗin waje na sayen kayan gyara da sinadaran rini ya yi wuya. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar Naira, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga a shekarar, manomi ya rasa mai kawo masa iri mai kyau da tsayayyen farashi. Wutar NEPA ta zama ta jeka-ka-dawo, masaƙu suka koma janareta da baƙin mai, alhali injinan wasunsu sun tsufa. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka sake hanawa daga baya, atamfar Sin mai araha ta riga ta san hanya: a sauke ta a Kwatano, a bi da ita ta Nijar, ta faɗo Kantin Kwari a Kano. An fi son a ɗora laifin duka a kan fasa-ƙwauri, don shi ne ba ya ƙona kowa a gida. Sai dai KTL mallakar jihohin Arewa ce, kuma rashin zuba sabon jari da sakacin masu ita sun yi nasu aikin tun kafin atamfar waje ta cika kasuwa.

KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles da Nortex suka bi sahu cikin 'yan shekaru, UNTL ta tsaya a 2007. Wannan ya zo daidai da rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002, waɗanda suka raba Kaduna biyu, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci suka yo kudu. Unguwar ta rasa albashi da cakuɗar mutanenta kusan lokaci guda.

Ma'aikatan KTL sun tafi gida ba tare da kuɗin sallama ba. Wasu suka koma ƙauye noma, wasu suka kama acaba ko gadi, matansu suka shiga ƙananan sana'o'i don riƙe gida, yara da dama suka bar makaranta. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun da aka rufe sun kafa gamayya ta neman haƙƙinsu, suna kai kuka ga gwamnonin Arewa, suna kuma rubuta sunayen waɗanda suka rasu suna jira. Masaniyar nan Elisha Renne ta yi nazari a kan wannan jerin sunaye da halin da zawarawansu suka shiga.

A ƙarshen 2010 an sake buɗe wani sashe na UNTL da rancen da gwamnatin tarayya ta ware ta hannun Bankin Masana'antu, Naira biliyan 100 ga ɓangaren auduga da saƙa da ɗinki, amma ma'aikatan da aka ɗauka ba su kai ko kusa da na da ba. KTL da Arewa Textiles ba su sake tashi ba.