Abin da rairayin Tenere ya ɓoye: finafinan bincike kan Gadufawa da Gobero

Fim ɗin bincike shi ne wanda ba labarin ƙirƙira ba ne: masu ɗaukar hoto suna bin masana zuwa wurin aikinsu, su nuna abin da aka gano da yadda aka gano shi. Ta irin waɗannan finafinai ne duniya ta san wurare 2 na jahar Agadas da ƴan Nijar da yawa ba su taɓa takawa ba, wato Gadufawa da Gobero, dukansu a cikin hamadar Tenere.

Gadufawa, maƙabartar dinozor

Gadufawa tana kudu maso gabas da birnin Agadas. Shekaru kimanin miliyan 110 da suka wuce, yankin cike yake da koguna da dazuzzuka. Dabbobin da suka mutu a bakin ruwa laka ta binne su, ƙasusuwansu suka koma dutse. A yau iska ce ke kwashe rairayi tana fito da su fili.

Masanin Faransa Philippe Taquet ya fara aiki a wurin a 1965. A 1976 ya raɗa wa wani dinozor mai cin ganye suna Ouranosaurus nigeriensis, wanda ƙasusuwansa ke gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama a Yamai. Daga baya Paul Sereno na jami'ar Shikago a Amurka ya jagoranci wasu tafiye-tafiye a 1997 da 2000. A 1999 ayarinsa ya ba wani dinozor suna Nigersaurus taqueti, mai tsawon mita 9 da haƙora fiye da 500.

Fim ɗin SuperCroc

A 2001 kamfanin National Geographic ya fitar da SuperCroc, a kan wani ƙaton dangin kada mai suna Sarcosuchus imperator. Kansa kaɗai ya haura mita 1 da rabi. Tun da ba a samu gangar jikin cikakkiya ba, fim ɗin ya nuna yadda masanan suka je wasu ƙasashe suna auna kadoji masu rai, domin su san yadda tsawon kai yake tafiya da tsawon jiki. Da wannan lissafi suka ce dabbar ta kai mita 11 zuwa 12. Wani lissafi na baya ya rage ta zuwa kusan mita 9 da rabi. A 2011 kuma BBC ta nuna Sarcosuchus da Ouranosaurus a shirinta na Planet Dinosaur, inda aka zana su da kwamfuta.

Gobero, lokacin da Sahara take kore

A 2000, suna cikin neman ƙasusuwan dinozor, ayarin Sereno ya faɗa kan ƙasusuwan mutane a Gobero. An ƙirga kaburbura kusan 200 a gefen wani tabki da ya ƙafe tun tuni. Mutanen farko sun zauna a wurin kimanin shekaru 9,500 da suka wuce, suna kamun manyan kifaye da mashin ƙashi. Fari ya kore su. Da ruwa ya dawo, wasu mutanen suka zo suka zauna har zuwa shekaru 4,500 da suka wuce. Masana sun danganta wannan yanayi da sauyin juyawar duniya, wanda ya tura ruwan damina can arewa.

An wallafa sakamakon binciken a 2008, aka kuma nuna fim ɗin Skeletons of the Sahara a 2013. A cikinsa akwai kabarin wata mata da yara 2 da aka binne suna rungume da juna, da wata yarinya mai awarwaron hauren dorina a damtse.

Yadda ake kallon irin waɗannan finafinai

Ya kamata mai kallo ya raba abu 2. Ƙashi da haƙori da wurin da aka tono su, waɗannan shaida ce da ake iya taɓawa. Launin fata da kuka da faɗan da ake nunawa tsakanin dabbobin, hasashen masana ne da aikin kwamfuta. Haka kuma alƙaluman fim suna iya canzawa in an samu sabon bincike, kamar yadda ya faru da tsawon Sarcosuchus.

Abin da ya rage ga Nijar

An yi waɗannan finafinai da Ingilishi, don masu kallo na waje, saboda haka ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ba ya cin moriyarsu yadda ya kamata sai an fassara su da Hausa ko Tamajak ko Faransanci. Su kansu wuraren suna cikin haɗari: ƙashin da iska ta tone yana farfashewa cikin ƴan shekaru, wanda aka ɗauke daga mazauninsa kuma ya rasa rabin bayaninsa, domin ƙasar da ke kewaye da shi ce ke faɗin shekarunsa. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ce ke kare kayan tarihin ƙasa. Wanda ya ci karo da irin waɗannan ƙasusuwa a daji, ya bar su inda suke, ya sanar da hukuma ko cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.