Makafi da Kurame a Tarihin Sadarwa a Ƙasar Kano

A zamanin da, labari a ƙasar Hausa da baki yake tafiya. Sanƙira ya yi shela a kasuwa, liman ya yi sanarwa bayan salla, sauran kuma a ji a majalisar ƙofar gida. Wannan tsari bai ware makaho ba, domin kunne yake buƙata. Makarantar allo ma ta karɓe shi, tun da hadda ake yi, kuma an sha samun makafi mahaddata Alƙur'ani da masu wa'azi. A birnin Kano makafi suna da unguwarsu da Sarkin Makafi, kamar yadda guragu da kutare suke da nasu sarakunan, masu sasanta rikici da isar da koke ga hukuma. Kurame kuwa suna da maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, harshe mai ƙa'idojinsa da ya girma a kasuwanni da dandali ba tare da wata makaranta ba. A ƙauyuka irin na Ƙaraye da Rogo ba abin mamaki ba ne a ga mai ji yana ciniki da kurma da hannu, su daidaita farashi, kowa ya kama gabansa.

Zuwan boko ya sauya lissafi. Da takarda ta zama hanyar neman aiki da hulɗa da gwamnati, sai makaho ya koma dogaro da mai karanta masa, kurma kuma ya shiga ajin da malami ke magana da baki kawai. Maganin farko daga 'yan mishan ya fito. A 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, inda aka koyar da rubutun Braille, wanda Louis Braille ya ƙirƙira a Faransa a ƙarni na 19. Ɗigo shida ne ake jujjuyawa su ba da kowane harafi. Ɗalibi yana huda takarda mai kauri da ɗan tsinke daga dama zuwa hagu, sa'annan ya juya ta ya shafa da yatsa daga hagu zuwa dama. A 1960 Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya fara aikin ilimin kurame a Ibadan, ya shigo da maganar hannu irin ta Amurka. Kano ta samu makarantarta ta Tudun Maliki a 1977. Amfaninta ba ya musantuwa, amma a birni take, kuma iyaye da yawa na yammacin jihar ba su iya rabuwa da ƙaramin yaro su kai shi makarantar kwana. Haka aka samu kurame iri biyu, 'yan makaranta masu alamun Amurka da na gida masu alamun gado. Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarin maganar hannu ta Kano, ta wallafa littafi a kanta a 2000.

Duk tsawon wannan lokaci rediyo ce abokiyar makaho, kurma kuwa ba ta tsinana masa komai ba.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta raba amfaninta biyu: makaho ya samu kira, kurma mai ilimin boko ya samu saƙon tes. Babban sauyin ya zo ne da manhajojin da ke karanta abin da ke fuskar na'ura da murya. JAWS ta kwamfuta mai Windows ta fito a 1995 da tsada, NVDA ta biyo baya kyauta a 2006, sai VoiceOver da TalkBack suka shiga wayoyi a 2009. Makaho yana shafa yatsa a kan gilashin, wayar tana faɗin sunan duk abin da ya taɓa, idan ya kai ga wanda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, al'amarin ya dawo kusa da tsarin da, domin ko wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya danna maɓalli ya yi magana. Kiran bidiyo da WhatsApp ya ƙara a 2016 shi ne ya yi wa kurame rana: a jingine waya a bango, a nemi wuri mai haske, a yi hira da hannu biyu da wanda ke wani gari.

Ta fuskar doka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. An kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Yawancin manhajojin karatu da muryar Turanci suke furta Hausa, ba karin sauti, ba bambanci tsakanin dogon wasali da gajere, kuma sukan yi tuntuɓe a kan ɓ da ɗ da ƙ. Sanarwar da aka ɗauka a hoto aka tura, makaho ba ya sanin abin da ke cikinta sai an bayyana masa, saƙon murya kuma a wurin kurma daidai yake da shiru. A Ƙaraye da Rogo akwai ƙarin kuɗin data da na caji da raunin sabis a ƙauyuka, shi ya sa har yau makafi da yawa a yankin ƙaramar waya mai maɓallai suke riƙewa, wadda yatsa ke gane lambobinta.