Wanzamai, Ƙaho da Borin Jini a Tamale

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro Hausawa sun watsu cikin garuruwan ƙasar da a yau ake kira Gana, kuma da Turawan Ingila suka mai da Tamale mazaunin mulkinsu na Arewa a 1907, zangon garin ya cika da masu sana'a, ciki har da wanzamai. Aikin wanzami a unguwanni irin su Tishigu bai tsaya ga aski da kaciya ba, domin shi ne mai ƙaho, wanda yake tsaga fata da aska, ya kifa ƙahon sa a kan tsagar, ya zuƙe iska har jini baƙi ya taru, bisa fahimtar cewa mataccen jini ne tushen ƙaiƙayi da nauyin jiki. Borin jini, wato kumburi mai ƙaiƙayi da kan feso wa mutum farat ɗaya bayan cin wani abinci ko shan wani magani, ya shiga cikin wannan lissafi.

Binciken zamani ya kai ga wani wuri dabam. A 1878 Paul Ehrlich na Jamus ya bayyana wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, masu zama a fata da hanyoyin numfashi, cike da ƙananan ƙunshi. A 1953 masu bincike Riley da West suka nuna cewa histamin, sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini ya kumbura fata, a cikinsu yake. A 1966 kuma Kimishige da Teruko Ishizaka suka gano IgE, furotin na garkuwar jiki da ke manne a bayan ƙwayar mast. Idan abin da jiki ya ƙi ya haɗa IgE biyu, furotin masu isar da saƙo, Lyn da Syk, sukan tashi bi da bi, kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar, ƙunshin su fashe su saki histamin cikin 'yan mintuna.

Wanzamai ba su yi nisa da gaskiya ba da suka zargi jini, tunda a cikinsa IgE ke yawo, sai dai ƙaho ba ya hana ƙunshin ƙwayar mast fashewa. Wannan bambanci yana da nauyi idan kumburin ya kama maƙogwaro, lokacin da allurar adiranalin a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tamale, ita ce ke buɗe numfashi.