Ɗauki Ɗaya, Ka Dawo da Biyu

Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suna da shirye-shiryensu na sauti a intanet, waɗanda ake kira fodkas, kuma da yawa daga cikinsu suna da filin karanta saƙonnin masu sauraro, irin wanda muka taso muna ji a gidajen rediyonmu. Galibin saƙonnin na gyara ne: mai gabatarwa ya faɗi shekara ba daidai ba, ko ya manta sunan wani kamfani da ya daɗe da rushewa. Amma a taɓo zancen kwafar manhaja ba da izinin mai ita ba, sai fili ya yi kaɗan. Za ka ji wanda ke cewa ba don kaset ɗin da abokinsa ya kwafa masa suna yara ba, da bai zama injiniya ba. Za ka ji wani yana cewa shi ne ke rubuta irin waɗannan wasannin a lokacin, kuma kwafin nan ne ya raba shi da sana'ar. Dukansu yanzu furfura ta kama su, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Wannan gardama ta girmi fodkas, ta girmi intanet ɗin da muka sani. Tun ranar farko kuwa a cikin wasiƙun masu karatu da masu sauraro ake yin ta.

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta sa hoton wata na'ura a bangonta, Altair 8800, wadda wani ƙaramin kamfani mai suna MITS yake ƙerawa a garin Albuquerque. Akwati ne mai maɓallai da ƙananan fitilu, babu allon kallo, babu madannai, kuma yawanci a wargaje ake aiko maka da shi ka haɗa da hannunka. Duk da haka mutane suka yi ta aika kuɗi, domin mutum zai iya cewa yana da kwamfuta tasa ta kansa a ɗakinsa. Ranar 5 ga Maris na shekarar wasu masu wannan sha'awa suka taru a garejin Gordon French a Menlo Park, jihar Kalifoniya, suka kafa ƙungiyar Homebrew Computer Club. Al'adarsu ita ce duk wanda ya gano wata dabara ya tashi ya faɗa wa kowa.

Akwatin ba ya jin magana sai da harshen da za a yi masa umarni da shi. Wasu samari, Bill Gates da Paul Allen, tare da Monte Davidoff, suka rubuta masa harshen BASIC, MITS ta karɓi sayarwa. A nan aka fara samun matsala, kuma farashi ne tushenta. Wanda ya sayi allunan memori na MITS zai sami BASIC a kan dala 75. Wanda bai saya ba sai ya biya dala 500, kuɗin da ya fi na kwamfutar kanta. Allunan memorin nan kuwa sun yi ƙaurin suna wajen ƙin aiki, har mutane suka koma sayen na wasu kamfanoni. Ga kuma waɗanda suka riga suka biya, wata da watanni suna jiran kaya shiru.

A watan Yunin 1975 motar tallar MITS ta yada zango a wani otal a Palo Alto. A wancan zamani manhaja a jikin wata doguwar takarda mai huje-huje take, ana naɗe ta kamar kaset. Naɗi ɗaya na BASIC ya yi ɓatan dabo a wurin. Ya faɗa hannun wani ɗan ƙungiya, Dan Sokol, wanda yake da injin huda takarda mai sauri a wurin aikinsa, sai ga kwafi kusan 50 a taron ƙungiya na gaba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: in ka ɗauki ɗaya, ka dawo da biyu. Kafin MITS ta gama aika wa masu saye nasu, BASIC ya riga ya zagaya Amurka.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta, jaridar ƙungiyar Homebrew da wasu mujallu suka buga. Bai tauna magana ba, ya kira abin da suke yi sata. Ya ce waɗanda suka sayi BASIC ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu Altair ba, lokacin kwamfutar da aka ci wajen aikin ya haura dala 40,000, kuma in aka raba abin da suka samu da awannin da suka ɓata, bai kai dala 2 a awa ba. Ya tambaye su wane ƙwararre ne zai yi ta aiki a banza, sannan ya nemi duk mai niyyar biya ya rubuto masa.

Sun rubuto kuwa, wasiƙu ɗaruruwa, sai dai masu ɗauke da kuɗi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wasu sun fusata da aka kira su ɓarayi. Wasu suka ce ai an ji a kan babbar kwamfutar jami'ar Harvard aka yi aikin, wadda kuɗin gwamnati ne ya samar da ita. Wasu suka ce laifin na wanda ya sa wa kaya farashin da ba mai iya biya ne. A watan Afrilu Gates ya sake rubuta wasiƙa ta biyu, ya sassauta harshe, amma bai janye ba.

Ni dai ina ganin Gates yana da gaskiya a kan gumi. Mutum ya yi makonni ba barci yana cusa harshe guda cikin memorin da bai kai ya ɗauki shafi uku na rubutu ba, ladansa haƙƙi ne a kan wanda ya ci moriyar aikin. Amma amsar da ta fi kowace nauyi ba a cikin zagi ta zo ba, a cikin aiki ta zo. Dennis Allison ya wallafa tsarin wani ƙaramin BASIC da kowa zai iya rubutawa, aka kira shi Tiny BASIC, masu karatu suka yi ta aiko da nasu, har abin ya haifi mujallar Dr. Dobb's Journal a 1976. Editanta, Jim Warren, ya yi hujja da cewa idan manhaja ta yi arhar da biya ya fi kwafi sauƙi, ba wanda zai sace ta. Tom Pittman ya gwada: ya sa wa nasa Tiny BASIC dala 5, mutane kuwa suka yi ta aiko da kuɗi. Li-Chen Wang ya bayar da nasa kyauta. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Shi kuma BASIC ɗin da aka kwafa, yaɗuwar da ya yi ce ta sa ya zama wanda kowa ya iya. Da Commodore da Apple da Tandy suka tashi neman harshen da za su sa a kwamfutocinsu, wurin Microsoft, kamfanin Gates da Allen, suka nufa, suka biya.

Daga nan labarin ya shiga rediyo, kuma nan ne ya fi burge ni. Ƙananan kwamfutocin gida na farkon shekarun 1980, irin su ZX Spectrum da Commodore 64, a kaset na waƙa suke adana manhaja, a matsayin sauti. In ka sa kaset ɗin a rakoda, wani ƙara za ka ji mai tsinka kunne. To, duk abin da yake sauti ai rediyo na iya watsa shi. A Holan shirin Hobbyscoop na gidan NOS ya fara watsa manhaja ta iska tun ƙarshen shekarun 1970, har aka ƙirƙiro tsarin BASICODE domin kwamfutoci iri daban-daban su fahimci watsi ɗaya. BBC ta bi sahu a 1984 da shirin The Chip Shop.

Amma babu inda abin ya yi armashi kamar Yugoslabiya. Dokar shigo da kaya ta ƙasar ta sa mutum ba zai iya shigo da kwamfuta daga waje ta halattacciyar hanya ba, sai fasa-ƙwauri. Wani matashin injiniya, Voja Antonić, ya tsara wata kwamfuta mai arha da ya rage mata kayan haɗi iya ragewa, ya sa mata suna Galaksija, ya kuma bayar da zanenta kyauta. Aka buga shi a wata mujalla ta musamman da Dejan Ristanović ya shirya a ƙarshen 1983. Sun yi zaton 'yan ɗaruruwa ne za su gwada, sai ga mutum kusan 8,000 sun nemi kayan haɗawa. Antonić bai sa wa na'urar hanyar kulle manhaja ba: duk abin da ka ɗora daga kaset kana iya buɗe shi ka karanta, ka gyara.

A gidan rediyon Beograd 202 akwai shirin matasa mai suna Ventilator 202, wanda Zoran Modli yake gabatarwa, mutumin da kuma matuƙin jirgin sama ne. Modli ya fara watsa manhaja a tsakiyar shirin kiɗa. Yakan sanar da masu sauraro su shirya rakoda, sai da ma aka gargaɗi ma'aikatan tashoshin watsawa kada su ɗauka na'ura ce ta lalace. Daga 1983 zuwa 1986 shirin ya watsa manhaja kusan 150. Abin lura shi ne inda suke fitowa: masu sauraro ne ke aiko da su. Yaro ya naɗi wasa daga rediyo, ya buɗe cikinsa, ya ƙara masa wani abu, ya mayar wa Modli a kaset, a sake watsa shi. Saƙon mai sauraro a nan ya wuce gaisuwa da zaɓen waƙa, shi ne shirin kansa. A irin wannan yanayi tambayar wa ya mallaki me ba ta da wurin zama, domin ko kana son ka biya kamfanin Ingila da ya yi wasan Spectrum, babu shagon da za ka kai kuɗin.

A Yammacin Turai da Amurka kuwa, inda shago yake, yaƙi aka shiga. Amurka ta shigar da manhaja cikin dokar haƙƙin mallaka ƙarara a 1980, Birtaniya a 1985. Kamfanoni suka yi ta ƙirƙiro kwaɗo: faifan da aka tsara shi yadda ba ya kwafuwa, tambayar kalma ta kaza a shafi na kaza na littafin wasa, har da wani ɗan gilashi mai suna Lenslok da sai ka kara shi a talabijin kafin ka karanta lambar shiga. Matasa suka kafa ƙungiyoyin ɓalle kwaɗon, suna sa sunayensu da kiɗa da zane a farkon duk wasan da suka ɓalle. Wanda ya sayi na gaske shi ke shan wahalar kwaɗo, mai kwafi ya wuce abinsa. Ƙananan marubuta da yawa, masu sayar da wasansu ta gidan waya, sun ji jiki a wannan zamani, kuma su ne nake tunawa duk lokacin da wani ya ce kwafi ba ya cutar da kowa.

Manya sun san wani abu da ba su cika faɗa ba. A 1998, a jami'ar Washington, Gates ya yi magana a kan China, ya ce tunda dai za a sata, gara a saci tasu, mutane su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. A 2007 shugaban Romaniya, Traian Băsescu, ya faɗa masa ido da ido a Bukares cewa satar fasaha ce ta buɗe wa matasan ƙasarsa ƙofar kwamfuta. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyi kwamfuta a Kano ko Kaduna ko Maraɗi sun fara ne da Windows ɗin da mai gyara ya ɗora musu daga faifai ɗaya da ya zagaya unguwa. Ɗaya ɓangaren ma mun san shi, domin masu shirya finafinan Hausa sun ga yadda fim ke fita da safe, kafin yamma yana cikin memorin wayoyi, su kuwa ko uwar kuɗi ba ta dawo ba.

Abin da ba wanda ya hango shi ne tsufa. Faifan fulofi da kaset suna ruɓewa, kamfanonin da suka yi su da yawa sun mutu ba magaji. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba sa kasuwa a lokacin. Faifan asali, saboda kwaɗon da ke jikinsa, yana wahalar kwafa ko da don adanawa ne, sai ya zama sau da yawa kwafin da yaran nan suka ɓalle shi ne ya rayu. Ɗakin ajiya na Internet Archive ya tara dubban irinsu, ana buɗe su kai tsaye a intanet. Akwai wani mai ɓoye sunansa da ake kira 4am, wanda ya shafe shekaru yana ɓalle kwaɗon faifan Apple II ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta yadda kowane kwaɗo yake aiki, domin dabarar mai kwaɗon ita ma tarihi ce. Doka dai ba ta sake ba: a watan Oktoban 2024 hukumar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ƙi amincewa ɗakunan karatu su bai wa masu bincike damar buɗe tsofaffin wasanni daga nesa.

A nan fodkas ɗin nan suka sami aikin da ya fi hira. Shirin ANTIC, na masu kwamfutar Atari, wanda aka fara a 2013, ya yi hira da ɗaruruwan mutanen da suka yi aiki a wancan zamani. Ba sau ɗaya ba, baƙo yakan koma gida bayan hira ya tono akwatin tsofaffin faifai da takardu, ya ba da izini a saka su inda kowa zai samu. Wanda ya rubuta da wanda ya kwafa suna haɗuwa a shiri ɗaya bayan shekara 40, ɗaya ya ba da labarin dararen da ya kwana yana aiki, ɗayan ya rubuto ya gode, wani lokaci har da neman afuwa.

A watan Afrilun 2025, lokacin da Microsoft ta cika shekara 50, Gates ya saka ainihin rubutun Altair BASIC a shafinsa, kowa ya sauke ya karanta. A watan Satumban shekarar kamfanin ya saki ƙaninsa, BASIC ɗin da Commodore da Apple suka yi amfani da shi, a ƙarƙashin lasisin da ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, har ya sayar in ya ga dama. Shekara 49 da wata bakwai ke nan bayan wasiƙar farko.