Ma'aunin Son Taurari da Matasan Akokan

A shekarar 2002 Lynn McCutcheon da Rense Lange da James Houran suka fitar da ma'aunin da masana halayyar ɗan Adam ke auna tsananin son taurari da shi. Jerin maganganu ne, mutum ya faɗi gwargwadon yardarsa da kowace. Nazarin da ya biyo baya ya kasa sakamakon gida uku: son nishaɗi da hira, shaƙuwa mai tsanani, sai wadda ta kusa zama cuta. A Amurka da Ingila aka fara gwada shi. Ina ganin in aka ɗauko shi yadda yake aka kawo garin Akokan, zai sa wa masu lafiya sunan majinyata.

Ɗaya daga cikin maganganun na tambaya ko mutum zai karya doka in tauraronsa ya nema. Wanda ya amsa da i, an kusa kai shi gida na uku. To amma a lokacin tawayen Abzinawa, kafin yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, hukumar Nijar ta hana kasakasan mawaƙi Abdallah ag Oumbadougou. A ɓoye ake kwafarsu, hannu zuwa hannu. Dattijon da ya adana irin wannan kaset ya saɓa wa hukuma saboda mai gita, babu musu. Sai dai abin da ya riƙe a lokacin shi ne harshensa da kukan mutanensa, kuma ma'aunin ba shi da gurbin rubuta wannan.

Haka batun kuɗi. Ma'aunin na zargin wanda zai zuba dukiya don mallakar ɗan abin da tauraro ya taɓa. A wurinmu kuwa a bainar jama'a ake yin kari: mutum ya shiga fili, ya liƙa wa mawaƙi jika a goshi, maroƙi ya ambaci sunansa da na mahaifinsa. Da Issaka Issaka ya ɗauki takobin kokowa a Agadas a ƙarshen 2023, murnar ta dukan jihar Dosso ce. Son ɗan kokowa, ko na ɗan fim Ali Nuhu da mawaƙi Bombino, a fada ake yinsa, ana zuba shayi ana gardama, waya na zagayawa.

Ba wai babu haɗari ba. Tun da kamfanin COMINAK ya rufe ramin yuraniyom na Akokan a ƙarshen Maris 2021, aiki ya ragu, zama ya yi yawa, yaron da ya kwana kan TikTok yana bin tauraro ɗaya kuwa abin damuwa ne ƙwarai. Shi ne ma ma'aunin zai fi kuskurewa, domin kunya ba za ta bar shi ya gaya wa baƙo mai takarda abin da ke ransa ba. Gara mai bincike ya zauna a fada ya tambayi abokansa: yaushe ya daina zuwa, wurin wa ya ci bashi don sayen kati, yana zuwa suna da jana'iza kuwa?