Daga Butar Shayi Zuwa Gadon Amarya



A Miga, kamar sauran garuruwan da ke gaɓar kogin Hadeja, biki yakan biyo bayan girbi. In shinkafa ta zo gida, uban yarinya ya ware buhunan da zai sayar, sai a shiga maganar kayan ɗaki. A da kafinta kundin hotuna yake ajiyewa, wanda hannun jama'a ya sa ya yi dauɗa, a buɗa a nuna gadon da ake so. Yanzu waya yake miƙowa, ko gwaggon amarya ta turo hoto ta WhatsApp ta ce irin wannan za a yi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, da yawa daga cikin hotunan nan kyamara ba ta taɓa ɗaukar su ba. Gadon babu shi, ɗakin ma babu shi. Kwamfuta ce ta lissafo su, har da inuwar labule.

Sayen kaya a kan siffa dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya yi karatun zaure har ya kai babin ciniki a Muwaɗɗa ko Risala ya san mas'alar barnamaj, wato takardar da ɗan kasuwa ke rubuta siffar tufafin da ke cikin dila, a saya ba tare da an kwance ba. In kaya suka dace da abin da aka rubuta, ciniki ya tabbata. Abin da shekaru sittin ɗin nan suka kawo shi ne mayar da waccan siffa ta zama hoto, sannan hoton ya zama abin da mai saye zai juya da yatsa.

A Amurka aka faro. A 1963 wani ɗalibi a jami'ar MIT, Ivan Sutherland, ya fito da manhajar Sketchpad, wadda ake zane da ita a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai haske. Masu ƙera motoci ne suka fi kowa ɗokin abin, don kafin nan sai an sassaƙa siffar mota da yumɓu kafin a san yadda za ta fito. A 1964 General Motors da IBM suka nuna tsarinsu mai suna DAC-1, a Faransa kuma Pierre Bézier na kamfanin Renault yana aiki a kan lissafin lanƙwasar jikin mota. Sai dai duk layuka ne kawai ke fitowa, ƙwarangwal kamar motar kara ta yara.

Tufatar da ƙwarangwal ɗin a jami'ar Utah aka yi mafi yawansa. A can Henri Gouraud ya fito da dabarar sulɓe haske a jikin zane a 1971. A can kuma, a 1975, Martin Newell ya rasa abin da zai gwada lissafinsa a kai, sai ya ɗauki butar shayin gidansa, farar tangaran, ya zana ta a takarda, ya shigar da lambobinta cikin kwamfuta. Ta dace da aikin, don tana da ciki mai zagaye, da hannu mai rami, da baki mai lanƙwasa, tana kuma yi wa kanta inuwa. Masu bincike suka yi ta aron lambobin har ta zama abin gwajin kowa, ta ma leƙo a fim ɗin Toy Story na 1995. Abubuwa biyu game da ita sun cancanci a riƙe. Butar kwamfutar ba ta da gindi a farko, saboda ba a yi tunanin wani zai kifa ta ba. Sannan wani abokin aikin Newell, Jim Blinn, ya rage mata tsayi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a haka kuma ta bazu. Ta ainihin tana gidan tarihin kwamfuta a Kalifoniya, ta fi hotonta tsawo. Kun ga tun a kaya na farko da ya yi suna a wannan fanni, hoto da abin da aka zana sun saɓa.

Babbar matsalar zamanin ita ce jira. A 1980 Turner Whitted na ɗakin binciken Bell ya wallafa hanyar bin sawun haske: daga kowane ɗigo na hoton kwamfuta za ta bi zaren haske, ta ga inda ya bugi gilashi, inda ya karkata, inda ya faɗa inuwa. Hoto ya fito kamar gaske, amma guda ɗaya ya ci minti 74. Ido kuwa, kafin ya yarda abu yana motsi a hannunsa, yana son hotuna kamar 30 a kowace daƙiƙa. Ku buga lissafin, tazarar ta haura ninki dubu ɗari.

Masu fim suka haƙura da jira. Masu wasan kwamfuta kuwa ba su da wannan damar, don yaro ba zai danna maɓalli ya jira awa guda kafin ƙwallo ta motsa ba. Su suka raini zanen nan-take. Dabararsu wayo ce: a gina kowane abu da ƙananan alwatika dubbai, a lulluɓe su da hoton fata, ta katako ko ta yadi, a kintaci haske maimakon a bi sawunsa. A 1999 kamfanin Nvidia ya fitar da GeForce 256, na'urar da aikinta ke nan, lissafin alwatika da haske. Samarin da ke cika gidajen gem suna buga ƙwallo a PlayStation su suka fara ganin wannan fasaha a garuruwanmu, tun kafin 'yan kasuwa.

IKEA, kamfanin kayan ɗaki na Suwidin, ya saka kujerar da kwamfuta ta zana a kundinsa na 2006, ba a gane ba. Zuwa 2014 kusan kashi 75 cikin ɗari na hotunan kayansa haka ake yin su, amma tsayayyu ne, kallo kawai ake yi. A 2017 ya fitar da manhajar IKEA Place, wadda za ka nuna kyamarar waya ga tsakar ɗakinka ta ajiye maka kujera a wurin, ka zagaya ta. A 2018 Nvidia ta kawo na'urorin RTX masu iya bin sawun haske nan take, aikin nan na Whitted. A ƙarshen 2020 IKEA ya daina buga kundinsa na takarda.

A ganina wannan ya fi tsayayyen hoto adalci ga mai saye. Tsayayyen hoto kusurwa mai kyau yake zaɓa ya ɓoye saura. Wanda ake juyawa kuwa za ka duba bayan gado, ka sauya launi, ka gwada ko kabad zai shiga ɗakin da bai kai na hoton faɗi ba, kafin a sayar da buhu ko ɗaya. Ya rage cinikin biri a sama.

Inda ya gaza shi ne ciki. Gadon kwamfuta ɓawo ne, kamar butar Newell, fata ce a kan iska. Fatar maɗaci da za a lulluɓa masa ba ta faɗin ko kafinta katako zai sa ko allon nan na matsattsen garin katako da suke kira MDF. A fuskar waya duk ɗaya suke, a ranar jere ma da wuya a bambance. Amma a ƙasar fadama, inda damina ke shigo da laima ta ƙasan ɗaki, inda ambaliya irin ta 2022 ta shiga gidaje, katako yakan bushe ya ci gaba da aiki. Wancan allon in ya sha ruwa kumbura yake yi ya rugurguje, daga ƙafafun gado yake farawa.