Tsakanin Sabo da Jami'ar Badun: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Duk wanda ya zauna a dandalin Sabo bayan sallar la'asar ya san yadda hira ta sauya. A da zancen farashin goro da na shanu ake yi, yanzu kuwa sai ka ji ana tambayar ɗan wane ya ci jarrabawar JAMB, 'yar wane ta samu gurbi, yaushe malaman jami'a za su janye yajin aiki. Tun da waiwaye adon tafiya ne, ya kamata mu dubi yadda aka yi muka daɗe muna maƙwabtaka da jami'a mafi tsufa a ƙasar nan ba tare da mun ci moriyarta ba.

Kakanninmu sun zo Badun ne ta hanyar fatauci, kuma zuwansu ya ƙaru bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. A shekarar 1916 aka ware masu wannan unguwa ta Sabo, inda suka zauna ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Sana'a biyu ce ta riƙe unguwar, wato sauke shanu daga Arewa da kuma tura goro can. Yaro kan tashi a makarantar allo, in ya yi wayo sai ya bi maigida kasuwa, ya koyi dillanci da riƙon amana. Ba a tambayarsa takardar shaida, sunan maigidansa ya wadatar.

A 1948 Turawa suka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun da ɗalibai 104, ta fara zama a Eleyele kafin ta koma mazauninta na yanzu a kan hanyar Oyo. A 1962 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Sa'an nan a watan Janairun 1955 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta mayar da karatun furamare kyauta. Maƙwabtanmu Yarbawa suka yi ta tura 'ya'yansu, mu kuwa akasarinmu muka noƙe.

Kada mu yi saurin zargin iyayenmu, domin suna da dalilansu. Yawancin makarantun wancan zamani na mishan ne, uba yana tsoron kada ɗansa ya tafi da sunan Musa ya komo da sunan Moses. Na biyu, kasuwa na ci, kuma ba boko take bukata ba. Na uku, a farkon shekarun 1950 ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu sosai a Sabo, har unguwar ta soma yin Juma'arta ita kaɗai, hankalin jama'a ya karkata ga karatun addini da zikiri. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinmu a 1962 zuwa 1963, ya bayyana a littafin da ya fitar a 1969 yadda wannan keɓewa ta taimaka wa iyayenmu suka riƙe cinikin goro da shanu a hannunsu. Keɓewar ta yi rana a kasuwa, amma ta jawo mana hasara a fagen makaranta.

Abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci samari na tasowa tun daga Arewa su zo su yi karatu a nan ƙofar gidanmu. Malam Adamu Ciroma a nan ya karanta tarihi, Farfesa Jibril Aminu kuma a nan ya gama karatun likita a 1965. Alhali kuwa yaron da aka haifa a Sabo, wanda tsakaninsa da jami'ar bai wuce kuɗin tasi ba, iyakarsa bakin ƙofa da farantin tsire ko huhun goro.

Shi ya sa labarin jami'a ya daɗe yana zo mana tamkar na wata ƙasa. Ranar 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Kunle Adepeju, a wata zanga-zanga da ta samo asali daga batun abinci. A Afrilun 1978 aka yi boren da ɗalibai suka nemi a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, bayan an ƙara kuɗin abinci, aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. A wancan lokaci da yawa daga cikinmu abin da ya fi damunmu shi ne rufe hanya da tsayawar ciniki.

Al'amura sun fara juyawa bayan shirin UPE na 1976, da kuma bayyanar makarantun Islamiyya masu haɗa allo da boko, waɗanda suka kwantar wa iyaye da hankali. Kasuwar ma ta sauya, dillanci ya daina wadatar da kowa. Da ƙungiyar ASUU ta yi yajin aikin wata takwas a 2022, ba a rediyo kaɗai muka ji ba, mun gan shi a zaurukanmu, inda 'ya'yanmu suka zauna zaman kashe wando.

To amma da muka isa ƙofar, sai muka tarar da wani shinge, wato takardar shaidar asali. Jami'o'in tarayya na raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo yakan sha wahala kafin a karɓe shi a matsayin ɗan Oyo, in kuma ya tafi Kano ko Katsina neman takarda sai a ce a kawo mai unguwar da ya san ubansa. Ba ɗan nan ba, ba ɗan can ba. Yara nawa ne suka ci jarrabawa suka ƙare a kan acaɓa saboda wannan?

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Iyayenmu sun riƙe kasuwa ne saboda sun haɗa kai, kowane baƙo yana da masauki da mai tsaya masa. Irin wannan tsari ya kamata mu yi wa karatu. Uba ya nema wa ɗansa takardar haihuwa da ta asali tun yana furamare, kada a bari sai ranar cike fom. Waɗanda suka riga suka shiga jami'a su zame wa na baya fatoma. 'Ya'ya mata kuma kada a bar su a baya, domin mun ga amfanin likita mace da malama a cikinmu. Allo da boko ba kishiyoyi ba ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya sa mu dace, amin.